Gudumar Pam

A layin 'yan katako da ke bayan tashar mota a Laranto, cikin garin Jos, akwai wata bishiyar mangwaro da ta daina 'ya'ya tun tuni, amma ba wanda ya isa ya sare ta, duk da kasuwa ce ta mutanen da ba su iya ganin itace a tsaye su ƙyale shi. A reshenta aka rataye tsohon wilin babbar mota, ƙarfen nan da ake sa wa taya, kuma da shi ake kiran taron ƙungiya. Mutumin da ya shekara ashirin da uku yana buga shi sunansa Pam. Manya da ƙanana Da Pam suke ce masa, wato Baba Pam a yarensu.

A wani ƙauye kusa da Kuru aka haife shi. Ubansa mai haƙar kuza ne, kuma abin da ya bar masa gado bai wuce shebur ɗaya da rashin yarda da mutane ba. Shebur ya ɓata, ɗayan kuwa Pam ya riƙe shi hannu bibbiyu. Ya shigo Jos yana saurayi, ya koyi kafinta, ya auri Ana, suka kama ɗaki a Jos Jarawa, daga baya ya gina nasa a can. Kujerun coci da ƙofofi yake yi, kuma aikinsa ba ya motsi. Sai dai mutum ne da in ka gaishe shi sau biyu a rana ɗaya zai wuni yana tunanin abin da kake nema. In ya kulle rumfarsa sai ya ja kwaɗon sau uku, ya yi taku goma, ya dawo ya sake ja. Ana takan ce da za a ba shi aljanna sai ya fara duba ko ƙofarta tana da sakata.

Wannan halin ne ya sa aka ba shi guduma. Da tsoho Pwajok, mai buga wili na farko, ya ga ƙafafunsa sun fara ƙin zuwa kasuwa da sassafe, sai ya ce a ba Pam, domin shi kaɗai ne ba zai yarda ya aiki kowa ba.

Kundin dokokin ƙungiyar ɗan littafi ne mai shafi goma sha shida, kuma sashe uku a ciki a kan wilin nan suke. Na bakwai ya ce taro ba ya zama taro sai mai guduma ya buga wili da hannunsa safiya uku a jere, ƙarfe bakwai daidai, bugu tara, a tsaya, a ƙara uku. Na takwas ya ce mai gudumar da ya yi fashi ko sau ɗaya ya ajiye ta. Na tara shi ne mai zafi: duk wanda ya buga wili alhali ba shi ne mai guduma ba, ya kwashe katakonsa ya bar layin. An rubuta shi ne bayan wata shekara ta rikici, lokacin da zukata ke a tsinke, da wani ya buga wilin da rana tsaka don wasa. Kasuwa ta watse, aka tattake mutane, wata mata ta karye a ƙafa. Yanzu kowa yana da waya a aljihu, matasan layin har dariya suke yi wa wilin, amma kundi bai san waya ba.

Aikin ba albashi. Abin da ke cikinsa kujera ce a sahun gaba, da kuma yadda ake nuna mutum a ce ga wanda bai taɓa fashi ba. Pam ya buga da zazzaɓi a jikinsa, ya buga washegarin binne uwarsa. In ka cire gudumar nan daga rayuwarsa, abin da zai rage tsohon kafinta ne mai yawan zargi, kuma shi ma ya san haka.

Abokinsa ɗaya ne, Romanus, wanda rumfarsa ke kallon tasa. Romanus ya zo daga Gabas tun gemu bai fito masa ba, yana sayar da katakon kudu. Dogo ne, bahago, mai muryar da ba ta san raɗa ba. Gidajensu ma katanga ɗaya ce ta raba su a Jos Jarawa. Da rumfar Romanus ta ƙone a shekarun baya, Pam ne ya kafa masa wata da hannunsa. Kullum da hantsi tare suke shan gwate a wurin Suzana mai abinci, Romanus yana surutu, Pam yana duba cikin kwanonsa ko an rage masa.

Rigima ta taso ne daga Dantong, ciyaman ɗin ƙungiya. Mutum ne mai laushin magana da yawan murmushi, irin wanda zai taka ka ya riga ka cewa sannu. Sashe na huɗu ya ce wa'adi biyu ciyaman zai yi, nasa na biyun kuma ya zo ƙarshe, amma kujera ta yi masa daɗi. Da aka fara raɗe-raɗin tazarce, Romanus ya miƙe a tsakiyar taro da kundi a hannu ya karanta sashen da ƙarfi, ya sake karantawa, wai ko akwai mai ciwon kunne. Dantong ya yi murmushi ya ce an gode.

Cikin watan Agusta Dantong ya zo rumfar Pam ya ce a buga wili Talata, Laraba da Alhamis, akwai taro ranar Juma'a kan gyaran magudanar ruwa. Pam ya buga Talata, ya buga Laraba. Da la'asar ɗin Larabar aka kira shi a waya daga Kuru: 'yarsa Loyis tana naƙuda tun safe, abin ya ƙi. Loyis ita kaɗai ta rayu cikin 'ya'ya huɗu da Ana ta haifa. Pam ya kulle rumfa, ya ja kwaɗo sau ɗaya tak, ya ɗauki matarsa suka shiga mota. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa Kuru nan ce kusa, zai dawo kafin a san ya tafi.

Loyis ta sauka lafiya da asuba, namiji. Pam ya leƙa fuskar jaririn, ya fita cikin ruwan sama ya tari motar farko. Sai ga tirela ta faɗi ta gindaya hanya, motoci sun yi layi iya ganinka. Yana zaune a tsakanin buhunan dankali ya ga agogonsa ya nuna bakwai, ya wuce. Sai wajen goma ya shigo layin katako, kansa a ƙasa, yana jiran wanda zai fara yi masa dariya.

Suzana ce ta fara ganinsa.

"Da Pam, yau kam ka ci tuwo ka ƙoshi kafin ka buga," in ji ta. "Har yanzu kunnena yana ƙara."

Pam ya tsaya ya dube ta. Ba alamar wasa a fuskarta, tana ta zuba wa mutane gwate. Abin da ya kamata ya ce a nan kowa ya san shi, kalma biyu ce ko uku. Sai ya ce, "Uhm," ya wuce.

Akwatin guduma yana nan a kulle, gudumar a bushe take, ba wanda ya taɓa ta. Ya je gindin mangwaro kamar mai neman wani abu da ya yar. Inda yake bugawa yana gefen dama, daidai ƙirjinsa, shekaru sun goge wurin har yana ƙyalli kamar bayan cokali. Amma a gefen hagu, can sama, ga sababbin tabo a cikin tsatsa. Ya ƙirga, goma sha biyu. Wani ya zo da nasa ƙarfen ya buga, bahago ne, kuma ya san lissafin bugun. Wanda ya yi wannan ya san Pam ba ya gari.

Ranar Juma'a maganar magudana ba ta ci minti biyar ba. Fabian, sakataren ƙungiya, ɗan gajere mai tabarau, ya zaro wata takarda ya karanta gyaran sashe na huɗu. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, a daidai lokacin da rabin mutanen Romanus ke can suna sauke mota. Kafin a farga an wuce wurin. Takarda ta biyu ta ce an kori Romanus saboda raina kujerar shugaba. Kafin azahar an garƙama wa rumfarsa kwaɗo mai girman tafin hannu, da katakonsa a ciki.

Romanus ya kai ƙara kotu. Ya ɗauki wata lauya, Barista Nneoma, yarinyar da aka haifa a layinsu. Kotu ta ce kowa ya tsaya inda yake, ba taro ba zaɓe sai an yanke hukunci. Daga nan aka shiga abin da kotu ta fi iyawa, wato ɗage zama. Yau lauya ba shi da lafiya, gobe fayil bai iso ba, jibi alƙali ya tafi taro. Wata goma sha huɗu aka yi ana wannan. Damina biyu ta zuba ta ramukan kwanon rumfar, katakon Romanus ya kumbura ya lanƙwashe yana kallo ta tsakanin sanduna. Shi kuma ya koma tsayuwa a bakin titi, yana raka masu saye rumfunan wasu.

Tun makon farko Pam ya san abin da ke hannunsa. In ya buɗe baki ya ce ba shi ya buga na Alhamis ba, taron Juma'a ya rushe, a buɗe wa Romanus rumfa, shi kuma ya ajiye guduma. In ya yi shiru, guduma tana nan, Romanus yana bakin titi. Ya yi shiru. Kuma da yake mutum ba ya son ya zauna shi kaɗai da laifinsa, sai ya mayar da hankalinsa kan tambayar da ta fi sauƙi: wa ya buga, kuma me yake so da shi?

Ya koma kallon hannuwan mutane. Wanda ya karɓi kaya, wanda ya sosa kai, wanda ya kori ƙuda, duk Pam yana lura da hannun da ya ɗaga. A coci ma, maimakon ya rufe ido lokacin addu'a, sai ya riƙa leƙen wanda ya buɗe littafin waƙa da hagu. Ƙarshenta dai bahagwai biyu ya samu a layin, Fabian da Romanus.

Fabian ya fara kamawa. Mutanen Dantong ne ke buƙatar taron ya tabbata, su ne za su so wili ya yi ƙara ko ta halin ƙaƙa. Gajere ne, gaskiya, tabon kuma yana sama, amma Pam ya taɓa ganinsa ya hau bulo yana manna sanarwa a jikin mangwaron. Wanda ya hau bulo don takarda zai hau don wili. Sai kuma ga Dantong ya ɗauki sabon hali na biyowa ta rumfar Pam kowane mako.

"Da Pam, kai ne ginshiƙinmu a shari'ar nan," yakan ce, yana shafa wata ƙofa da ba a gama ba. "Shekara ashirin da uku ba fashi. Ko sau ɗaya, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Ciyaman."

"Madalla. Yaya jikan namu na Kuru? Yaushe ma aka haife shi?"

Wataƙila gaisuwa ce kawai, domin Dantong har kajin mutum yakan tambaya. Amma Pam ya kwana biyu yana juya maganar, ya tabbatar wa kansa cewa an sa masa igiya a wuya, ana jan ta a hankali don ya san tana nan.

Yana cikin wannan ne wata Lahadi bayan coci Ana tana tankaɗen acha ta ce, "Baban Loyis, wai me ke cinka ne? Ka rame kamar mai azumi."

"Ranar da muka tafi Kuru, wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Ezinne kaɗai, don ta rufe mini kaji."

Ezinne matar Romanus ce. Pam ya ajiye kofin da ke hannunsa a hankali.

"Kaji," in ji shi. "Saboda kaji kika kashe ni."

"Wane irin kashewa kuma? In akwai magana ka faɗe ta, ka daina yi mini kallon ɓarauniya a gidana."

Daga ranar zargi ya tashi daga kan Fabian ya sauka a kan Romanus, ko in ce ya rabu biyu, don Pam ba ya sakin wanda ya riga ya kama. Ya zauna ya ƙulla labarin tsaf: Romanus ya ji ƙishin-ƙishin ɗin korar da za a yi masa, ya san Pam ba ya nan, sai ya buga da gangan don ya samu abin rushe taron a kotu. Yanzu yana ajiye da maganar ne sai ranar da za a tsayar da Pam a gaban jama'a, lauya ta yi masa tsirara. Bai tsaya ya tambayi kansa ba, in haka ne me ya hana Romanus barin wilin ya yi shiru, taron ya mutu da kansa. Mai zargi ba ya son tambayar da za ta ɓata masa gini.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne Romanus bai canja ba. Kowace Lahadi da yamma sai ya zagayo, ya zauna a kan benci, ya miƙe dogayen ƙafafunsa.

"Da Pam, yaya Loyis? Ta samu lafiya? Yaron ya fara tafiya?"

"Suna lafiya."

"Kai fa? Kwana biyu ba ka zuwa wurin Suzana. Abi ka samu wani mai gwate ne?"

"Aiki ne ya yi yawa."

Ko sau ɗaya Romanus bai ambaci shari'ar ba. Ga mutumin da bakinsa ba ya riƙe ruwa, wannan shirun a wurin Pam shi ne babbar shaida. Ya daina cin abin da Ezinne ta aiko. Ya ƙara kwaɗo na biyu a akwatin guduma. In Romanus ya tafi sai ya duba ƙarƙashin bencin, shi kansa bai san abin da yake nema ba.

Sammaci ya zo cikin watan Oktoba, ɓangaren Dantong ne suka kira Pam shaida. Ya sa kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Ɗakin kotun ya cika da 'yan katako, kowa ya zauna a bayan nasa, ana yi wa juna kallon hadarin kaji. Aka ba shi Littafi Mai Tsarki ya rantse, aka tsayar masa da tafinta.

Lauyan Dantong ya bi da shi a hankali. Shekara nawa yana bugawa, bugu nawa ne, ina ake ajiye guduma. Sannan ya ce, "Talata, Laraba da Alhamis na makon taron, kai ka buga wili da hannunka?"

Pam ya dubi Dantong yana murmushi, ya dubi Fabian yana goge tabarau. Ya ce, "Ni na buga."

Lauya ya zauna. Barista Nneoma ta miƙe tana gyara baƙar rigarta, Pam kuwa ya riƙe katakon akwatin shaida, har ya lura ba a goge shi da kyau ba. Ga abin da ya shekara yana jira ya zo.

"Baba, ina kwana," in ji ta da Hausa, kafin ta juya harshe zuwa Turanci. "Ina so mu ɗauki ranakun nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar Alhamis da safe, daga ina ka…"

Ba ta ƙarasa ba. Romanus, da ke zaune a bayanta, ya miƙo dogon hannunsa na hagu ya kama gefen rigarta. Ta waiwaya a fusace. Ya girgiza mata kai. Ta sunkuya suka yi magana ƙasa-ƙasa, ita tana nuna takarda, shi yana ta girgiza kai, bai ko dubi inda Pam yake ba. Daga fuskarta kowa zai gane ba ta san dalili ba, tambaya ce kawai irin ta aikinta. Ta miƙe ta ce wa alƙali ba ta da tambaya ga wannan shaida.

Pam ya tsaya kamar an dasa shi. Kansa, da ya saba, ya yi maza ya kawo masa wani zargin: Romanus kansa yake karewa, yana tsoron sashe na tara. Amma wannan karon ginin ya ƙi tsayuwa. Wanda aka riga aka kora, wace kora zai ji tsoro? Kuma ba sai ya ce shi ya buga ba, ya isa a nuna cewa Pam yana Kuru. Tambaya ɗaya ce tsakanin Romanus da rumfarsa, ga ta a bakin lauyarsa, ya sa hannu ya mayar da ita. Ashe da Ezinne ta ce masa maƙwabta sun tafi Kuru, washegari Romanus ya fito cikin ruwa ya ga bakwai ta yi ba Pam, sai ya ɗauki ƙarfe ya rufa wa abokinsa asiri, bai san taron korarsa yake kira ba. Da ya sani kuma, ya zaɓi bakin titi wata goma sha huɗu. Kunya ta rufe Pam, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya tuna abincin Ezinne da ya riƙa zuba wa kaji.

"Shaida zai iya sauka," in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, ina da gyara," in ji Pam.

Tafinta ya dube shi, ya fassara.

"Na yi ƙarya yanzu, da Littafi a hannuna. Ranar Alhamis ban buga ba. Ina hanyar Kuru, 'yata ta haihu. Sai ƙarfe goma na shigo kasuwa."

Hayaniya ta tashi har sai da alƙali ya buga tebur. Ya cire tabarau ya yi wa Pam faɗa sosai, ya ce ya gode wa Allah da ya gyara kafin ya sauka, da a gidan yari zai kwana. Murmushin Dantong ya ɗauke ɗif, kuma daga yadda ya saki baki Pam ya gane bawan Allah bai taɓa sanin komai ba, gaisuwa ce kawai yake yi. Lauyan Dantong ya yi tsalle ya miƙe.

"To ai duk kasuwa ta ji wili ranar. In ba kai ba ne, wa ya buga?"

"Ban gani ba," in ji Pam. "Na ce maka ina hanyar Kuru."

"Amma kana da wanda kake zargi."

"Oga lauya, ni kowa nake zargi. Ka tambayi matata."

Har alƙali sai da ya sunkuyar da kai.

Bayan mako shida aka yanke hukunci. Kotu ta ce taron Juma'a ba taro ba ne, duk abin da aka yi a cikinsa ya rushe, a buɗe rumfar Romanus, a yi zaɓe bisa tsohon kundi. Aka buɗe rumfar, rabin katakon ya zama na hura wuta. Mutanen Dantong kuwa suka fito da sashe na takwas da na tara. Fabian yana yawo yana cewa a taron farko za a karɓe guduma, sannan a kafa kwamitin da zai binciki wanda ya buga, ko da za a sauko da wilin a duba shi da tabarau.

Sai dai akwai matsala, kuma kundin ne ya haife ta. Ba a karɓe guduma sai a taro, ba a taro sai mai guduma ya buga safiya uku. Haka dattawan layin suka zo rumfar Pam suna sosa ƙeya, suka roƙe shi ya kira taron da za a tsige shi. Ya ce ba komai.

Ranar Talata ya zo tun shida da rabi, cikin sanyin Disamba. Da bakwai ta yi ya zagaya gefen hagu na wilin, ya mayar da guduma hannun hagu, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya sauke ta a kan tsofaffin tabon nan da tsatsa ta fara rufewa. Bugun ya fito a karkace, kafaɗarsa ta amsa. Tara, ya tsaya, uku. Laraba ma haka. Suzana ta ce wa masu shan gwate tsufa ya kama Da Pam, dubi yadda hannun dama ya ƙi masa.

Ranar Alhamis da ya gama na ƙarshe ya sa yatsa ya shafa wurin. Bugu talatin da shida sun hau kan goma sha biyu, duk wanda ya zo dubawa bakin gudumar Pam kaɗai zai gani. Da ya juya sai ga Romanus a tsaye da kwano biyu na gwate, yana kallon wilin. Ya daɗe yana kallo.

"Da Pam, hannunka na dama ya samu matsala ne?"

"Tsufa ne."

Romanus ya miƙa masa kwano ɗaya. Suka zauna a kan tushen mangwaron. Pam yana so ya roƙi Romanus ya yafe masa wata goma sha huɗun nan, da katakon da ya ruɓe, da abincin da kaji suka ci, amma bakinsa bai saba da irin wannan magana ba. Ya ɗora gudumar a cinyarsa, ya share ta da gefen riga, don gobe a hannun wani za ta kwana.

"Ka cika ƙarfi, Romanus," in ji shi, bai ɗago ba. "Wili ba jaki ba ne. A hankali ake bugunsa."

Romanus ya sa bayan hannunsa na hagu ya goge ido, ya ce Suzana ta cika barkono yau. Pam ya ɗauki cokali ya fara sha, bai duba cikin kwanon ba.